Shekarar da Del Hovland Ya Rabar da 'Yan Kokawarsa

Duk wanda ya tashi a garin Aldern ya san Delbert Hovland, ko da bai taɓa leƙa ɗakin kokawa ba. Da kunnuwansa ake gane shi, waɗanda kokawa ta murƙushe tun yana saurayi har suka dunƙule, sai kuma tafiyarsa, yana jan ƙafar hagu saboda ciwon gwiwa. Ba mai kiransa Delbert sai likita. Matarsa Marlys da tsararrakinsa Del suke ce masa, sauran mutanen gari kuwa Koci.

Ɗan manomi ne. An haife shi a wata gonar alkama can arewa da garin, inda iska ke kaɗawa babu ko bishiyar da za ta tare ta. Kokawa ce ta kawo shi jami'ar Aldern, domin ba don an ba shi gurbin karatu kyauta saboda ita ba, da mahaifinsa bai iya kai shi ba. Yana shekarar ƙarshe aka sayar da gonar, ya zama ba shi da inda zai koma. Sai ya zauna yana taimaka wa mai horar da su, da tsohon ya yi ritaya ya gaje shi. Ya haura shekara talatin a wannan ɗaki na ƙarƙashin tsohon zauren wasanni, mai gajeren rufi da bututun ruwan zafi, wanda warin gumi ya kama bangonsa. Yaransa yawanci 'ya'yan manoma ne irinsa. Kaɗan ne suka yi suna a ƙasa. Sauran sun zama malaman makaranta, likitocin dabbobi, dillalan tarakta, kuma duk ƙauyen da ya tsaya shan mai a jihar sai wani ƙato mai tumbi ya taho ya rungume shi yana "Koci, ka gane ni?"

Shi yana ƙasa, ƙwallo irin ta Amurka tana sama. Asabar shida a shekara, daga ƙarshen zafi zuwa faɗuwar dusar ƙanƙara, garin gaba ɗaya yakan kwashe ya nufi filin jami'a kallon samari masu hular kwano suna karo da juna. Ƙungiyar tana rukuni na tsakiya, tana buga wasa da maƙwabtan jami'o'in da ake zuwa a motar bas, kuma tana cin su sau da yawa. Wannan cin shi ne ya jawo wa Del wahala. Duk shekarar da suka ɗauko kofi, sai magana ta tashi cewa lokaci ya yi da Aldern za ta hau babban rukuni, a riƙa nuna ta a talabijin, ta kara da manyan jami'o'i. Hawan kuwa ba a banza ba ne. Sai an faɗaɗa fili, an ƙara wa 'yan ƙwallo guraben karatu kyauta, an kuma ƙara wa mata 'yan wasa daidai da haka, domin doka ta ce a daidaita. Aljihun jami'a ba zai ɗauki wannan duka ba sai an rufe wani wasa na maza. Kowa ya san wasan da idanu ke kallo.

Karon farko da maganar ta tashi Del yana da sauran ƙarfi. Ya tara tsofaffin yaransa daga ko'ina, suka cika zauren taro da motocinsu a-kori-kura a waje, ya miƙe ya yi magana har muryarsa ta dushe. Aka janye. Karo na biyu ma ya yi haka, kokawa ta tsira, amma sai aka rufe ninkaya, wai share fage ake yi. Mai horar da 'yan ninkayar abokinsa ne, tare suke shan kofi kullum da safe. Ya kwashe iyalinsa ya bar gari bai yi wa Del sallama ba. Bayan duk wannan, jami'ar ba ta hau ba. Del bai ƙara jin daɗin kiran abin da ya faru nasara ba.

Karo na uku ya same shi ya ba sittin baya. A lokacin shugaban sashen wasanni na jami'ar shi ne Royce Tveit, wanda shi ma yaron Del ne, ya yi kokawa a hannunsa shekara huɗu kafin ya tafi ya yi karatu mai zurfi ya dawo da kwat da lakatayi. Wata rana da hantsi Royce ya sauko ɗakin ƙasa ya tarar da Del yana goge katifun kokawa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmansa, kamar yadda aka koya masa.

"Koci, har yanzu kai ke wannan aikin da kanka?"

"To wa zai yi? Kai? Kana yaro ma sai na bi ka da tsawa."

Royce ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya zauna a benci ya ce an kafa kwamiti da zai duba batun hawa babban rukuni, kuma yana son Del ya kasance a ciki.

Del ya jingina sandar gugar da bango. "Royce, in za ka yanka saniya, ba sai ka gayyace ta taro ba."

"Haba Koci. Ba a yanke komai ba. Ina son a ji ta bakinka."

"An ji sau biyu."

"To a ji na uku. Ka san halin da muke ciki. Ɗalibai raguwa suke yi kowace shekara. Biyu daga cikin maƙwabtanmu sun hau, sun bar mu ba abokin karawa na kirki. In muka zauna, ba kokawa kaɗai za a rufe ba nan gaba."

Del ya dube shi. Ya san yaron ba maƙaryaci ba ne, wannan kuwa shi ya fi ba shi haushi. Ya ce zai zo.

Marlys tana da ɗan gidan abinci a titin da ya nufi filin wasa, wanda ta gada daga mahaifiyarta. Fanke da ƙwai da safe, burodi da nama da rana, kofi ba yankewa. Da yamma Del ya je taya ta rufewa, yana kife kujeru a kan tebura, ya ba ta labari. Ya zaci za ta yi abin da ta saba, ta zagi majalisar jami'a tun daga shugaba har masinja. Sai ta ci gaba da goge kantar shagon ba ta ɗago ba.

"Ba ki ce komai ba."

"Me kake so in ce, tsoho?"

"Abin da ke ranki."

Ta ajiye tsumman. "To ni dai ina so su hau. Ka ji. Dubi titin nan. Mai sayar da takalma ya rufe, mai magani ya rufe. Asabar shidan nan su ke riƙe da wurin nan, sauran kwanakin ni da tsofaffi huɗu ne, su sha kofi ɗaya su zauna har azahar. Sau biyu ina tsayawa bayanka, na dafa wa ƙattin nan naka abinci kyauta, ban ce uffan ba. Wannan karon ba zan yi maka ƙarya ba."

"Ashe da maƙiyiya nake kwana."

"Maƙiyiyar da ke shafa maka magani a gwiwa. Ɗauki waccan kujerar ka daina kallona kamar na saci akuyarka."

Ya ɗauka. Ba su yi faɗa ba. Sun wuce shekarun faɗa.

Kwamitin ya yi ta zama tun daga kaka har tsakiyar hunturu, kowace Talata da rana, a wani ɗaki mai ɗumi na sabon gini. Aka ɗauko masana daga babban birni suka zo suna haska zane-zane a bango. Wani attajiri mai kamfanin taki, tsohon ɗalibi, ya ce zai gina rabin sabon fili in an hau. Malaman jami'a suka ce su ɗakin karatunsu yoyo yake yi. Kowa ya faɗi abin da ya faɗa wancan karon, wasu ma a kujerun da suka zauna wancan karon. Del yakan zo daga ɗakin horo da rigar sanyi ta jami'a, ya zauna a ƙarshen tebur, ya miƙe ƙafar hagu. Da aka zo kansa ya yi magana a taƙaice, ya ce yana da samari ashirin da 'yan kai a ɗakin ƙasa, kuma yawancinsu ba za su ga ƙofar jami'a ba in ba don kokawa ba. Aka gyaɗa kai, aka yi masa godiya, aka wuce batu na gaba. Tsofaffin yaransa suka yi ta bugo waya suna tambaya yaushe za su taho da motoci. Yakan ce su dakata tukuna. Bai taɓa kiransu ba. Sau ɗaya ma barci ya sace shi a tsakiyar taro, sai da Royce ya taɓa shi a kafaɗa.

Abin da ya karya shi ba a ɗakin taro ya faru ba. A tsakiyar hunturun ya tuƙa mota zuwa gonar Emmett Sather, wani tsohon yaronsa mai kiwon shanu, wanda ɗansa ke shekarar ƙarshe a sakandare kuma ba mai kai bayansa ƙasa a duk yankin. Irin wannan tafiya Del ya yi ta ba adadi: ka zauna a kicin, uwar gida ta kawo kofi da kek, ka yabi yaro, ka yi alkawarin za ka riƙe shi kamar naka. Suka zauna, aka yi hirar farashin ciyawa da ta mutanen da suka mutu. Can Emmett ya tura kofinsa gefe.

"Koci, tun yaron nan yana rarrafe na ce hannunka zan sa shi. Amma tambaya ɗaya. In na kawo shi, zai gama shekara huɗunsa yana kokawa a Aldern?"

Amsar tana bakin Del, irin wadda masu horarwa ke bayarwa, cewa ba a yanke komai ba, kuma shi yana nan daram. Ya dubi yaron, wanda ke tsaye jikin firiji da manyan hannuwa bai san inda zai sa su ba.

"Ban sani ba, Emmett."

"Ba ka sani ba, ko ba ka son faɗa?"

"In ɗana ne, ba zan kawo shi ba."

Matar Emmett ta tashi ta shiga wanke kofunan da ba a gama sha ba. Emmett ya rako shi har mota cikin iska, ya riƙe masa ƙofa, ya ce, "Ka tsufa, Koci. Da can da ka yi mini ƙarya, na kuma yarda." Del ya ce haka ne.

Da ƙanƙara ta fara narkewa majalisar jami'a ta zauna. Garin ya rabu biyu, har an daina gaisawa a wasu layuka. Del ya sa kwat ɗinsa guda ɗaya ya je ya zauna a baya. Bayan dogon jawabi shugaban majalisar ya sanar cewa batun babba ne, ba a gaggawa da shi, za a ƙara nazari na shekara biyu. Wasu suka yi tafi. Wani malamin tarihi ya juyo ya kama hannun Del yana girgizawa, yana taya shi murnar ya sake tsira. Shi kuwa Del ji ya yi kamar an ɗora masa buhu a wuya. Sai a lokacin ya gane cewa tun da safe addu'a yake a ransa su yanke, ko ta wace fuska. Shekara biyu ba uban da zai ba shi ɗansa. Shekara biyu yaran da ke hannunsa za su yi ta zuba gumi ba su san ko ana gobe za a kulle musu ƙofa ba, bayan lokaci ya riga ya ƙure musu na neman wani wuri.

Ya tare Royce a baranda. "Faɗa mini tsakaninka da Allah. Bayan shekara biyun fa?"

Royce ya dubi ƙasa. "Za a hau, Koci. Mai takin bai gama shirya kuɗinsa ba ne kawai."

"Madalla. Da ka faɗa tun a ɗakin ƙasa da ka hutar da ni zaman Talata."

Washegari ya shiga ɗan ofishinsa ya rufe ƙofa ya ɗauki waya. Mutum na farko da ya kira shi ne Vern Kubik, mai horar da 'yan kokawar wata jami'a a jihar maƙwabta, wanda suka shekara talatin suna yi wa juna ihu daga gefen katifa, sau ɗaya ma saura kaɗan su ba hamata iska a gaban jama'a.

"Wa nake ji kamar Hovland? Ba ka mutu ba?"

"Ina jiran in ga jana'izarka tukuna. Vern, ina da yaro, Teague Moberg. Ka san shi."

"Na san shi mana, shi ya karya wa nawa haƙarƙari bara. Me ya yi?"

"Ina so ka ɗauke shi."

Muryar Vern ta canza. "Abin ya kai haka?"

"Ya kai. Yaro ne mai zuciya, amma kada ka yi masa tsawa a gaban mutane, rufewa yake yi. Kuma ka sa ido ya riƙa cin abinci, yana son yi wa kansa yunwa kafin awon nauyi."

"Turo shi. Akwai wani?"

Haka ya yi ta yi har bazara. Ya kira abokan hamayyarsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda yake girmamawa da waɗanda ba ya ko son jin sunansu, yana tallan yaransa, yana faɗin halin kowa, wanda ke da raunin kafaɗa, wanda karatu ke ba shi wuya, wanda mahaifiyarsa ba ta da lafiya don haka kada a kai shi nesa. Yaran ba su gode masa ba. Da ya tara su ya yi musu bayani, Teague ya miƙe fuskarsa ta yi ja.

"Kai ka koya mana ba a miƙa wuya sai alƙalin wasa ya busa. Ba a busa ba, Koci! Ba wanda ya rufe mu. Kai ne ka rufe mu."

"Zauna, Teague."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya. Amma Litinin za ka je ka ga Kubik, na riga na gaya masa kana tafe."

Yaron ya fita ya bugo ƙofa. Litinin ɗin kuwa ya je. Tsofaffin yaran ma wasu sun yi fushi, suka ce Koci ya sayar da su, akwai waɗanda har yau ba sa ɗaga masa hannu. Royce ya sauko a guje da ya ji labari, ya ce wannan zai sa a ce shi ya kashe kokawa tun kafin lokaci. Del ya ce masa ya yi haƙuri, ba don shi ya yi ba. 'Yan shekarar ƙarshe da wasu kaɗan da suka ƙi tafiya suka rage, ya kai su ƙarshen kakar wasa ta gaba, ana cin su kusan ko'ina suka je. Sannan ya ajiye aiki. Aka yi masa ɗan biki da kek, aka ba shi agogon bango.

Jami'ar ta hau kamar yadda Royce ya faɗa, aka rufe kokawa a sanarwa mai layi uku. Sabon fili ya tashi. Shekarar farko manyan jami'o'i suka yi ta lallasa Aldern a talabijin, ta biyu abin ya ɗan yi sauƙi. Ɗalibai sun ɗan ƙaru, ba kamar yadda masanan suka zana ba. Cinikin Marlys ya ƙaru a ranakun wasa, sai dai wasu wasannin an mayar da su tsakiyar mako saboda masu talabijin, manoma kuwa ba sa baro gona ranar Laraba. Ba ta ce ta yi kuskure ba, shi ma bai tambaye ta ba.

A hunturun da Teague ke shekarar ƙarshe, Vern Kubik ya bugo ya ce yaron ya kai wasan ƙarshe na yanki, in Del yana so ya ajiye masa kujera. Marlys ta rufe shago suka tafi tare. Del bai taɓa zama a cikin 'yan kallo ba, ya rasa yadda zai yi da jikinsa, ya yi ta murza hularsa. Teague ya fito da jar rigar mutanen Kubik, launin da Del ya shekara talatin yana ƙi. Ya yi kokawa mai kyau, amma abokin karawarsa ya fi shi tsawon hannu, ya sha kaye da maki kaɗan. Sau ɗaya kawai Del ya buɗe baki, ya yi ihu ya ce ya sauke ƙugu, sai muryarsa ta ɓace cikin hayaniya.

Bayan an tashi yaron ya hauro inda suke, tawul a wuya, leɓensa a fashe. Ya gaida Marlys, sannan ya tsaya gaban Del.

"Na ji ka, Koci. Na sauke, amma na makara."

"Na gani. Kana cin abinci?"

"Kubik ba ya barina in huta da maganar abinci."

"To madalla."

Suka yi musabaha, yaron ya koma wurin abokansa. A wajen zauren rana ta yi sanyi, dusar ƙanƙara na sauka a hankali. Del ya tsaya jikin mota yana laluben makulli, Marlys ta miƙo hannu ta karɓe.

"Kawo nan, tsoho. Koma can ɓangaren."

Bai yi gardama ba. Ya zagaya ya shiga, ya tura kujera baya ya miƙe ƙafa. Kafin su fita daga garin barci ya ɗauke shi, ita kuwa ta rage muryar rediyo ta kama hanyar Aldern.